Bin Na Gaba Bin Allah Ne, Amma Har Zuwa Ina?

 Akwai wata magana da ba ta wuyar fita daga bakin ma'aikata da yaran 'yan kasuwa, wadda idan aka tsare mutum da tambaya a kan wani abin kunya da ya aikata sai ya jawo ta ya yi garkuwa da ita, watau ya ce, "Ni umurni aka ba ni." Wani ma har ya ƙara da karin maganar nan ta iyaye da kakanni, cewa bin na gaba bin Allah ne. Karin maganar tana da gaskiyarta, gama babu gida ko kasuwa ko ofis da zai zauna lafiya in kowa gaban kansa yake yi. Amma tana da iyaka, iyakar nan kuwa ita nake so mu duba a yau, ta kan wani gwaji da aka fara a ƙasar Amurka cikin shekarar 1961, wanda har yanzu masana halayyar ɗan Adam ba su gama gardama a kansa ba.

Mai gwajin wani malami ne a Jami'ar Yale, sunansa Stanley Milgram, a lokacin bai kai shekara 30 da haihuwa ba. Bayahude ne, iyayensa daga Gabashin Turai suka yi ƙaura zuwa Amurka. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, kisan miliyoyin mutane da gwamnatin Hitila ta yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai da aka sami akawuna masu rubuta sunaye, da direbobin jirgin ƙasa, da masu gadi, da masu buga hatimi. Shin dukkansu mahaukata ne? A watan Afrilu na 1961 aka fara shari'ar Adolf Eichmann a birnin Ƙudus, shi ne jami'in da ya riƙa shirya jiragen da ke kwasar mutane zuwa sansanonin kisa, an kuwa kamo shi ne daga Ajantina a 1960. Babbar hujjarsa a gaban alƙalai ita ce shi umurnin na gaba ya bi. 'Yan watanni bayan haka Milgram ya fara gwajinsa.

Ga yadda ya shirya shi. Aka buga sanarwa a jarida cewa ana neman maza 'yan shekara 20 zuwa 50 don binciken yadda mutum ke haddace abu, za a biya kowa dala 4 da rabi. Mutane suka zo: ma'aikatan gidan waya, malaman makaranta, 'yan kasuwa, leburori, injiniyoyi. Duk wanda ya zo sai ya tarar da wani dattijo mai fara'a wanda shi ma kamar sanarwar ce ta kawo shi, da kuma wani jami'i mai ɗaure fuska sanye da rigar aiki mai launin toka. Sai a yi ƙuri'a don a fid da malami da ɗalibi. Ƙuri'ar kuwa ta bogi ce, kullum baƙon ne ke zama malami, dattijon nan ya zama ɗalibi, domin shi ɗan gida ne, da shi aka ƙulla abin. A gaban idon baƙon za a ɗaure dattijo a kujera, a maƙala masa waya a wuyan hannu, sa'an nan a kai baƙon wani ɗaki a zaunar da shi gaban wata na'ura mai makunni 30. Na farko bolt 15 ne na wutar lantarki, kowane na gaba ya fi na bayansa da bolt 15, har zuwa 450, watau kusan ninki biyu na wutar da ake ja mana a gidaje. A ƙarƙashin makunnan an rubuta gargaɗi, daga mai sauƙi har zuwa mai haɗari. Shi kansa baƙon sai an ɗanɗana masa bolt 45 don ya tabbata abin ba wasa ba ne. Aikinsa shi ne ya riƙa karanta wa ɗalibi kalmomi, duk sa'ad da ɗalibi ya yi kuskure ya danna masa wuta, kowane kuskure kuma ya hau mataki ɗaya.

A gaskiya babu wutar da ke isa jikin dattijon, amma baƙon bai san haka ba. A gwajin farko, in an kai bolt 300 sai a ji ɗalibi yana dukan bango, daga baya kuma a ji shiru. A wani salon da aka yi daga baya, murya ake ji daga tef: in an kai 150 dattijo ya ce zuciyarsa na damunsa, a sake shi, a gaba ya koma kururuwa, bayan 330 kuma ba a ƙara jin motsinsa. Duk lokacin da baƙon ya juyo yana so ya tsaya, jami'in ba ya tsawa, ba ya barazana, magana huɗu kawai aka tanadar masa. Ta farko roƙo ce a ci gaba, ta biyu cewa binciken na bukatar a ci gaba, ta uku cewa ci gaban ya zama dole, ta huɗu cewa baƙon ba shi da wani zaɓi. In an tambaye shi wa zai ɗauki alhakin abin da ya sami dattijo, sai ya ce shi ne.

Milgram ya bayyana wa likitocin masu taɓin hankali tsarin gwajin, ya ce su yi kirdado. Suka ce wanda zai kai 450 bai fi mutum ɗaya cikin dubu ba. To, a gwajin farko, wanda aka buga sakamakonsa a 1963, cikin mutum 40 babu ko ɗaya da ya tsaya kafin bolt 300, kuma 26 sun danna har makunni na ƙarshe. Watau kashi 65 cikin ɗari. Da aka sa muryar mai ciwon zuciya, 26 ɗin dai aka sake samu cikin 40. Da aka gwada mata 40, su ma 26.

Kada mai karatu ya zaci mutanen nan daɗi suke ji. Rahoton ya nuna suna zufa, suna rawar jiki, suna in'ina, suna cizon leɓe, 14 daga cikinsu har da wata irin dariya ta ruɗewa wadda ba ta farin ciki ba ce. Suna faɗa da baki cewa abin nan bai dace ba, hannu kuwa yana kan makunni. Da aka bar wasu 40 su zaɓi ƙarfin wutar da kansu, ba tare da an ce su hau mataki ba, mutum ɗaya tak ya kai 450, mafi yawa a ƙasa ƙasa suka tsaya. Ashe ba mugunta ce ta kai su ba. Zuciya ta san gaskiya, baki ya faɗe ta, amma ba a iya miƙewa a ce wa mai rigar toka "a'a" ba.

Inda gwajin ya fi amfani a gare mu shi ne sauye-sauyen da Milgram ya riƙa yi, ya kuwa kawo salo 18 a littafinsa na 1974. Da aka zaunar da ɗalibi a ɗaki ɗaya da baƙon, yana kallon fuskarsa, masu kai wa ƙarshe suka ragu zuwa 16 cikin 40. Da aka ce sai baƙon ya kama hannun dattijo da kansa ya danna shi kan farantin wuta, suka koma 12. Da jami'in ya fita yana ba da umurni ta tarho, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai suka bi, wasu ma suna ce masa suna hawa mataki alhali ƙaramar wuta suke dannawa. Da aka ɗauke gwajin daga harabar jami'a mai suna aka kai shi wani ofis maras kyan gani a garin Bridgeport, 19 cikin 40 suka bi. Da aka sa jami'ai biyu, ɗaya ya ce a ci gaba ɗaya ya ce a tsaya, babu wanda ya kai ƙarshe.

Akwai kuma wani salo da nake roƙon kowane ma'aikacin ofis ya tsaya ya yi tunani a kansa. A nan ba baƙon ne ke danna makunni ba, wani ne daban, shi aikinsa taimakawa kawai, kamar karanta tambayoyi. Cikin mutum 40, 37 suka zauna har aka kai 450. Wannan ita ce kujerar akawu. Shi bai doki kowa ba, bai kwace gonar kowa ba, takarda kawai ya buga. Shi bai cinye kuɗin 'yan fansho ba, sunayen bogi kawai ya shigar cikin jerin da aka miƙo masa. Shi bai hana marayu gādonsu ba, kwanan wata kawai ya mayar baya. Wanda abin zai faɗa wa yana can ƙauye, akawu bai taɓa ganin fuskarsa ba, ba zai kuma ji kukansa ba. Haka yaron shago da maigida ya ce ya bubbuga gindin mudu, ko ya zuba tsohuwar shinkafa a sabon buhu, ko ya goge ranar lalacewa daga jikin kwalin magani. Hausawa sun riga Milgram gane wannan, da suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Alƙur'ani mai girma bai ware masu taimakawa daga laifi ba. A aya ta 8 ta Suratul Ƙasas, da Allah ya ambaci masu laifi a Masar, bai tsaya ga Fir'auna da Hamana ba, sai da ya haɗa da rundunoninsu. A aya ta 54 ta Suratuz Zukhruf an bayyana cewa Fir'auna ya raina hankalin mutanensa ne suka bi shi, sa'an nan aka siffanta su kansu mabiyan da fasiƙanci. A aya ta 67 ta Suratul Ahzab kuma an ba mu labarin waɗanda za su kawo wannan hanzari a Lahira, cewa shugabanninsu da manyansu suka bi, hanzarin kuwa a cikin wuta za su kawo shi. Ibnul Jauzi ya kawo labarin cewa sa'ad da aka tsare Imamu Ahmad bin Hambal a kan fitinar cewa Alƙur'ani halitta ne, mai gadin kurkukun ya tambaye shi ko shi ma yana cikin mataimakan azzalumai. Imamu ya amsa masa cewa mataimakansu su ne masu yi musu aski da wanki da girki da ciniki, shi kuwa mai gadi yana cikin azzaluman ne su kansu.

Sai kuma sha'anin bolt 15 ɗin nan. Da a ce tun da farko aka ce wa mutum ya danna 450, da wuya ya yarda. Amma wanda ya danna 135, da wace hujja zai ƙi 150? In ya ce wannan zalunci ne, to na bayansa fa? Sai ya zama kowane mataki yana ɗaure shi ga na gabansa, don tsayawa tana nufin ya yarda cewa tun ɗazu ɓarna yake yi. Masu tafsiri sun daɗe da lura cewa Alƙur'ani, a Suratul Baƙara da Suratun Nur, takun Shaiɗan ya hana mu bi, gama Shaiɗan ba ya ce wa mutum ya yi tsalle, taku ɗaya yake nema. Ma'aikacin da aka fara da shi da sa hannu a kan kuɗin tafiyar da ba a yi ba, shekara biyar nan gaba kwangilar da ba a yi ba za a kawo masa, a lokacin kuwa an riga an riƙe masa wuya.

Adalci ne a faɗi abin da aka soki gwajin da shi. Tun 1964 wata masaniya mai suna Diana Baumrind ta ce bai halatta a yaudari mutane a jefa su cikin irin wannan tashin hankali da sunan ilmi ba, ni ma kuwa ina ganin tana da gaskiya, don Musulunci bai yarda a cutar da mutum ta hanyar yaudara ba ko da niyyar mai yi kyakkyawa ce. A 2012 wata marubuciya 'yar Ostireliya, Gina Perry, ta fitar da littafi bayan ta saurari tef-tef ɗin da aka ajiye a Yale. Ta gano cewa jami'in nan ya sha wuce maganganu huɗun da aka ba shi yana matsa wa mutane lamba, cewa da yawa sun tafi gida ba a gaya musu babu wuta ba, kuma wasu sun yi shakkar gaskiyar abin tun suna zaune. Shi ma Eichmann, wanda aka rataye a 1962, hirarrakin da aka naɗa da shi a Ajantina kafin a kama shi sun nuna cewa da son ransa da aƙidarsa ya yi aikin, maganar bin umurni ƙarya ce ya shirya wa kotu. Saboda haka kada a ɗauki kashi 65 ɗin nan kamar wahayi. Duk da haka, da Jerry Burger ya sake gwajin a Kalifoniya, ya tsayar da shi a bolt 150 don sauƙaƙa wa mutane, sakamakon da ya buga a 2009 ya nuna kashi 70 cikin ɗari suna shirin wucewa.

A nan ne aka gano wani abu da ya canza fassarar gwajin. Maganar nan ta huɗu, wadda ita ce umurni tsantsa, cewa ba ka da zaɓi, ita ce ta fi kasawa. A gwajin Burger duk wanda aka kai ga faɗa masa ita ƙi ya yi. Abin da ya fi jan mutane shi ne a ce musu binciken na bukatarsu. Don haka masana irin su Alexander Haslam da Stephen Reicher suka ce mutanen nan ba makauniyar biyayya suka yi ba, sun gamsu ne cewa suna hidima ga wani abu mai daraja, watau ilmi. Wannan ya fi ban tsoro, ya kuma fi kusa da mu. Rigar toka tana iya zama rawani, tana iya zama kaki, tana iya zama babbar riga. Ana iya ce wa mutum don ci gaban ƙasa ne, ko don jam'iyya, ko don kada kasuwar maigida ta karye, ko kuma, wanda ya fi duka muni, don addini. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a Disamban 1980, da abin da Borno da Yobe suka gani daga 2009, ya san yadda ake sa matashi ya zub da jinin maƙwabcinsa yana zaton lada yake samu.

To, mene ne matsayin shari'a? Biyayya ga shugabanni wajibi ce, aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar da haka, kuma wannan fili ba ya kiran kowa ga tawaye ko raina na gaba. Amma malamai sun lura cewa a cikin ayar an maimaita kalmar umurni da biyayya ga Allah da ga Manzo, ba a maimaita ta ga shugabanni ba, don tasu biyayyar a ƙarƙashin ta farkon take. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Ali cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wata runduna ya naɗa mata shugaba, ya ce a yi masa biyayya. A hanya shugaban ya fusata, ya sa aka tara itace aka hura wuta, ya ce su shiga. Suka tsaya suna kallon juna, wasu suka ce ai gudun wuta ne ya kai su ga Annabi, har wutar ta mutu. Da labari ya isa Madina, Annabi ya bayyana cewa da sun shiga da ba za su fita ba, kuma biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Sayyidina Abubakar ma a huɗubarsa ta kama mulki da kansa ya gindaya wa jama'a wannan sharaɗi a kan biyayyar da za su yi masa.

Fiƙihu ya tafi nesa da haka. Ko da tilas ce ta gaske, an ɗora wa mutum takobi a wuya, malamai sun haɗu a kan cewa bai halatta ya kashe wani don ya tsira ba, gama ransa bai fi na wancan tsada ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ana yin ƙisasi a kan mai tilastawa da wanda aka tilasta duka biyu. Turawa ma a shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946 sun rubuta a dokar kotun cewa umurnin na gaba ba ya wanke mutum daga laifi. In kuwa takobi bai zama hanzari a kan jini ba, ina ga tsoron canjin wurin aiki, ko jinkirin ƙarin girma, ko fushin maigida, a kan cin dukiyar mutane? Na san abin ba sauƙi gare shi ba. Mai iyali goma da albashi ɗaya ba ya wasa da aikinsa, kuma shari'a ta san bambancin mai ƙarfi da mai rauni. Amma mutanen Milgram babu abin da za su rasa, an ma gaya musu kuɗin nasu ne ko me ya faru, duk da haka suka bi. Sau da yawa abin da muke kira tilas kunya ce kawai da nauyin baki.

Gwajin ya nuna maganin da ya fi kowane ƙarfi. Da aka zaunar da baƙon tare da wasu malamai biyu 'yan gida, ɗaya ya ƙi ci gaba a 150, ɗayan a 210, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Haka aka gani a asibiti. A 1966 wani likita mai suna Charles Hofling ya sa aka buga wa ma'aikatan jinya 22 tarho, muryar wani likitan da ba su sani ba ta ce su ba majinyaci ninki biyu na iyakar da aka rubuta a jikin kwalbar wani magani; 21 suka tashi za su bayar sai da aka tare su. Da aka sake irin gwajin a 1977 da maganin da ma'aikatan suka sani, aka kuma bar su su yi shawara da abokan aikinsu, 16 cikin 18 suka ƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikacin da aka kawo wa takardar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba, kada ya ƙulle kansa da ita shi kaɗai. Ya nemi abokin aiki mai tsoron Allah, ya nemi a ba shi umurnin a rubuce, ya kuma yi ƙoƙari ya san wanda abin zai shafa. Wanda ya fara ƙi ya sani ba kansa kaɗai ya tserar ba, akwai na kusa da shi da ke jiran wani ya fara.

Misalin wannan yana cikin Sahihul Bukhari. Bayan buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya aika Khalid bin Walid zuwa ga Banu Jazima. Mutanen ba su iya faɗin kalmar shiga Musulunci yadda aka saba ba, sai suka faɗi wata da ke nufin sun bar addininsu na da. Khalid, Allah ya yarda da shi, ya fahimce ta ta wata fuska, aka kashe wasu aka kama wasu, daga baya ya ba da umurni kowa ya kashe fursunan da ke hannunsa. Abdullahi bin Umar, wanda a lokacin saurayi ne ɗan kimanin shekara 20, ya rantse cewa shi ba zai kashe nasa ba, kuma babu wani cikin mutanensa da zai kashe. Bai zare takobi a kan kwamandansa ba, bai raba runduna ba, bai zagi kowa ba. Aikin ya ƙi, ya ci gaba da zama soja, ya kai maganar inda ya kamata. Da suka isa gaban Annabi suka ba shi labari, ya ɗaga hannuwansa ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya yi, har sau biyu. Ibn Ishaƙ ya ambata cewa daga nan ya aika Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar waɗanda aka kashe da duk abin da aka lalata musu, har kwanon da karensu ke shan ruwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da ke kan shi mai ba da umurnin.